NA BI KISHIYATA HAR GIDAN UBANTA

 Na san da yawa daga cikinku da ganin kan labarin nan gabanku zai faɗi, ku ce wayyo, an yi wa wata baiwar Allah kishiya a ƙasar Turawa. To ku kwantar da hankalinku, kishiyar tawa ba mace ba ce, ba ta lalle ba ta kitso. Wata 'yar ƙwallo ce ruwan ɗorawa mai gashi-gashi, ko lemon zaƙi ba ta kai girma ba, amma wallahi sai da ta kusa kashe mini aure a shekarar 2023.

Wata huɗu da bikinmu na bi maigidana Landan inda yake karatun digiri na biyu. Ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin a saman wani shago a unguwar Peckham, unguwar da in kin rufe ido kin saurari surutun bakin titi sai ki rantse a Sabon Gari kike saboda yawan 'yan Najeriya. Da rana yana makaranta, kwana uku a mako kuma yana aikin dare, jera kaya a wani kanti. Ni kuwa sai zaman ɗaki, daga taga sai waya. Ni da na taso a gidan yawa, inda ko tari kika yi sai mutum biyar sun ce miki sannu, sai ga ni ina wuni ban yi magana da kowa ba. Duk da haka ina haƙuri, don in ya dawo nawa ne ni kaɗai.

Ƙarshen watan Mayu na shigowa sai abu ya canza. Da ya shigo zai buɗe kwamfuta, sai ka ga wasu maza biyu a kan jar ƙasa suna ta dukan ƙwallo tana tsallake raga, tau, tau, tau, awa uku, wani lokacin huɗu. In ajiye abinci ya huce, in ɗumama ya sake hucewa. Ya ce mini gasar tanis ce ta birnin Faris, Roland Garros, kuma jar ƙasar nan ba ƙasa ba ce irin tamu, jan bulo ne ake niƙawa a shimfiɗa garinsa. Ya ce daga nan bazarar Turawa ta kama, 'yan wasan za su tsallako Ingila su yi a kan ciyawa, daga nan su haye Amurka su yi a kan dandamali mai tauri har cikin Satumba. Ni abin da na ji kawai shi ne Satumba. Na ƙirga a zuciyata, wata uku da ɗoriya, na ce to lallai an yi mini kishiya mai dogon kwana.

Ranar 9 ga Yuni ce ta fi ƙona mini rai. Na ɓata wuni na yi masa waina da miyar taushe, da ƙyar na samo kabewa. Shi kuwa idonsa na kan wani yaro ɗan Sifaniya, Carlos Alcaraz, mai shekara 20, yana karawa da Novak Djokovic ɗan Sabiya mai shekara 36. Ana tsakiyar wasa jijiyoyin yaron suka ɗaure, hannu da ƙafa, ya kasa gudu, tsohon ya cinye shi cikin sauƙi. Sai na ji maigidana ya ce, "Allah sarki yaron nan, fargaba ce ta kama shi." Da wata irin murya mai taushi! Na ce a raina, ni da nake kwana da ciwon kan kewar gida ban taɓa samun Allah sarki irin wannan ba.

Da gasar Faris ta ƙare, Djokovic ya ɗauki kofin, sai ya ce zai kai ni in gani da idona, wai gani ya kori ji. Ranar 20 ga Yuni muka hau jirgin ƙasa muka sauka a tashar Barons Court, muka taka zuwa Queen's Club, wani tsohon kulob da aka kafa tun 1886 aka sa masa sunan Sarauniya Biktoriya. A tsakiyar gidajen mutane yake, in ba an nuna miki ba sai ki wuce. Ni da na ji an ce kulob ɗin sarauniya ai sai na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure: leshi, gwaggwaro, takalmi mai tsini. Muna isa na ga kowa da 'yar riga mara nauyi da malafa. Ga dokoki: ba a shiga wurin zama sai 'yan wasa sun zauna hutu, ba a tashi ana wasa, ba a magana.

Lissafinsu kuwa, ke dai bari. Wanda ya ci ɗaya a ce 15, ya ƙara a ce 30, ya ƙara a ce 40, ya ƙara a ce ya ci gem. Gem shida ne set ɗaya. Wanda bai ci komai ba kuwa, maimakon a ce sifili sai alƙali ya ce yana da “love”. Eh, love ɗin dai da kuka sani, wadda samari suke rubuto muku a wasiƙa. Na raɗa wa maigidana na ce, ashe su ma sun san mai soyayya shi ne a ƙasa. Ko murmushi bai yi ba, idonsa na kan fili, don yaron nan Alcaraz ne yake wasa da wani dogon Bafaranshe, Arthur Rinderknech, kuma an cinye shi set ɗin farko.

Wurin ya yi tsit, ɗan wasa ya ɗaga ƙwallo zai yi sabis, sai wayata ta ɗauki kiɗa. Waƙar bikinmu ce na sa, ƙarar kuma a ƙure. Hajiyarmu ce take kira. Jakar ta ƙi buɗewa, hannuna na rawa, kawuna suka juyo kamar an busa musu usur, alƙali ya yi magana a lasifika. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ba wannan ne ya yi mini ciwo ba. Da na dubi mijina don ya ce mini ba komai, sai na ga ya kau da kai gefe kamar bai san ni ba.

Yaron ya ci wasan da ƙyar, ni ban ma san ya ci ba. A jirgi na tambayi kuɗin tikiti, ya faɗa, na lissafa na ga ya isa cefanenmu na mako biyu, ga Sallah saura kwana takwas ko ɗankwali ban ɗinka ba. Muna shiga ɗaki na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce in ƙwallo ya aura ya mai da ni gidan ubana. Ya ce, "Amarya, ba za ki gane ba." Wannan kalma ita ta ƙara tunzura ni. Kwana biyar daga gaisuwa sai ga abincinka.

Babbar Sallah ta kama 28 ga Yuni. Daga masallaci ya wuce makaranta. Ba layya, ba ƙaurin suya, ba yara masu yawon Sallah, titi kowa na harkarsa kamar ba a san ranar ba. Na kira Gwaggo na yi ta kuka, na ce a nemo mini kuɗin jirgi. Gwaggona ba ta yi boko ba, ko sunan tanis ba ta iya faɗa ba. Ta bari na gama sannan ta ce, "Yana shaye-shaye?" Na ce a'a. "Yana bin mata?" Na ce a'a. Ta ce, "To ke 'yar nan, kin taɓa zama kin tambaye shi me ya gani a cikin abin? Namiji ba ya riƙe abu haka sai da dalili. Ki bi ta har gidan ubanta ki ga asalinta, in kin gani ba ki gamsu ba, ni da kaina zan sai da tunkiyata in aiko miki kuɗin."

Gidan uban tanis kuwa shi ne Wimbledon, a kudu maso yammacin Landan, inda ake gasar da ta girmi duk sauran, tun 1877. Da dare na ce masa, "Malam, ina so ka kai ni Wimbledon." Ya daɗe yana kallona yana neman gatse a fuskata. Ya ce ba shi da tikiti, sai dai mu bi layi, kuma layin ba na wasa ba ne. Na ce wadda ta bi layin kananzir wane layi ne zai ba ta tsoro?

An fara gasar ranar 3 ga Yuli, washegari ruwan sama ya hana yawancin wasanni, muka jira sama ta washe. Ranar 7 ga Yuli muka fito tun da asuba, kuma ku sani asubar can a wannan lokaci tun wajen ƙarfe uku take, kafin biyar gari ya waye tangararau, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Wannan karon na yi hankali: doguwar riga, takalmi shafe, rigar sanyi, da jaka cike da dambun nama da cincin. Wayar kuwa tun a gida na kashe mata murya.

Layin a wani makeken filin ciyawa ake yinsa, Wimbledon Park, daura da inda ake wasan. Ban taɓa ganin layi irinsa ba. Muna isa wani dattijo mai kula da layi ya miƙa wa kowannenmu kati mai lamba da kwanan wata. Lambarmu ta haura dubu uku. Wannan katin shi ne matsayinki, ba a karɓar wa wani, ba a kama wa ƙawa wuri, in kin bar layi fiye da rabin awa kina iya rasa gurbinki. Can gaba tantuna ne jere, mutanen da suka kwana a nan don su samu tikitin manyan filaye, domin kusan 500 ake warewa kullum ga kowane ɗaya daga manyan filaye uku. Da ƙarfe shida aka bi su ana tashi, kowa ya naɗe tantinsa. Mu namu na shiga harabar ne kawai, fam 27 a shekarar, wanda zai ba ki damar zama a kowane ƙaramin fili. Dubban mutane, amma ba ture-ture, ba "kin san ko ni wace ce", mai kuɗi da talaka kowa zaune a kan ciyawa mai raɓa. Wata tsohuwar Baturiya a bayanmu ta ce tun tana budurwa take zuwa. Na ba ta dambu, ta taɓa, ta yi ta tari saboda yaji, ta sake miƙo hannu.

A nan, muna zaune kan jarida, sanyi na ratsa ni, na yi tambayar Gwaggo. Na ce, "Malam, don Allah me ka gani a cikin abin nan?"

Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Sannan ya ce yana ɗan shekara tara a Kaduna yake zuwa wani kulob bayan makaranta yana tsintar wa manyan mutane ƙwallo, a ba shi na ƙosai. Wani tsoho mai koyar da wasan ya ga yana kwaikwayo da katako, sai ya ba shi tsohon raket mai tsinkakkiyar igiya. Da shi ya koya, ba takalmi, in manya sun tashi. Tsohon ya kan tara su ya ba su labarin Nduka Odizor, ɗan Najeriya wanda shi ma da tsintar ƙwallo ya fara a Legas, amma a 1983 ya zo nan Wimbledon ya doke Guillermo Vilas, ɗaya daga manyan 'yan wasan duniya a lokacin, ya kai cikin mutum 16 na ƙarshe. Ya ce har an fara maganar kai shi gasar Dala da ake yi a Kano, sai mahaifinsu ya rasu, shi ne babba, ya koma tsaron shagon kawunsa. Raket ɗin da ya samu daga baya, mai kyau, shi ya sayar ya cika kuɗin jarrabawar fita sakandare.

Ya ce, "Tsohon nan bai taɓa fita Najeriya ba, amma ya san kowane lungu na wurin nan. Ya ce duk wanda Allah ya kai a cikinmu ya taɓa masa ciyawar. Ya rasu ina aji biyu a jami'a."

Wata bakwai da aurenmu, bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na ce, "To ranar da wayata ta yi ƙara fa, me ya sa ka juya mini baya?" Ya ce kunya ce ta kama shi, ya ga kamar duk Turawan nan za su gane cewa mai tsintar ƙwallo ne ya shigo cikinsu. Ya ce ya yi kuskure, in yafe masa. Ban ce na yafe ba, amma na tura masa ledar cincin gabansa.

Wajen ƙarfe goma layi ya motsa, aka bincike jakunkuna, muka biya muka shiga. 'Yan uwa, wurin nan kore ne da shunayya ko'ina, furanni a rataye, ganye ya lulluɓe bangon babban filin da suke kira Centre Court, mai ɗaukar mutum kusan 15,000, wanda aka yi wa rufi mai buɗewa da rufewa a 2009 saboda ruwa. Ciyawar kuwa da na hango ta na rantse kafet ce. Kullum sai an aske ta daidai milimita 8, ba ƙari ba ragi. 'Yan wasa duk fari fat suke sawa, doka ce, daga riga har takalmi. Har shaho gare su na musamman, sunansa Rufus, da sassafe ake sakinsa ya kori tantabaru. Na ce ikon Allah, a nan har tsuntsu ma'aikaci ne.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka fara a ƙananan filaye, muka samu wuri a layin gaba. In kina son ki san tanis, to a nan za ki sani, ba a talabijin ba. Tsakaninki da ɗan wasa bai fi taku biyar ba. Kina jin nishinsa, kina ganin gumi na ɗiga daga haɓarsa, ƙwallon kuwa in ya yi sabis ba ganinta kike ba, ƙararta kawai za ki ji ta daki allon baya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kaɗaicinsu. A ƙwallon ƙafa in ka gaji akwai mutum goma, ana iya canza ka. Nan kuwa kai kaɗai ne, in ka ɓata ba wanda za ka ɗora wa, ka koma kujera ka rufe kai da tawul, daƙiƙa 90, ka tashi. Na ga wanda aka cinye ya saɓa jakarsa ya kutsa cikin jama'a, ana ture shi ba wanda ya san shi. Maigida ya ce gobe sai filin jirgi, wani garin, wani otal. Ya ce ko wanda aka fitar a zagayen farko a shekarar ya tashi da fam 55,000, na zaro ido, ya ce in bari, a ciki zai biya haraji, da mai koyar da shi, da jirgi da masauki na watanni, kuma makin da ya tara bana in shekara ta zagayo sai ya zube, sai ya sake nemo wani.

Sai na lura mijina ba 'yan wasan yake kallo ba. Yaran da suke tsintar ƙwallo yake kallo, maza da mata 'yan kimanin shekara 15, sa'o'in wasu daga cikinku, su kusan 250 aka zaɓo daga makarantun yankin aka yi wata da watanni ana horar da su. Yadda suke durƙusawa a gindin raga, su zabura kamar kibiya, su mirgina ƙwallo a ƙasa ta tafi ɗoɗar, su ɗaga hannu sama su tsaya ƙyam. Hannunsa na kan gwiwa yana motsi shi kaɗai, yana bin nasu. Na kau da kai don kada ya ga na gani. A lokacin kuma akwai alƙalan layi, maza da mata cikin kwalliya suna tsaye a baya suna ƙwalla ihu in ƙwallo ta fita. Mun yi sa'a mun gan su, don daga 2025 na'ura ce ta karɓe aikin.

Mun leƙa fili na 18, inda aka manna allo a bango don tunawa da wasan John Isner da Nicolas Mahut na 2010, wanda ya ci awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, set ɗin ƙarshe aka tashi 70 da 68. Na ce su ba su da iyaye ne da za su raba su? Ya saya mini sitiroberi da kirim da ake ta zuzutawa, fam biyu da rabi ɗan kofi, wai da asubar ranar ake tsinko shi daga gonakin Kent. Irin wanda ake nomawa a Jos ne. Ba laifi, amma gaskiya ko kusa da mangwaron Binuwai bai kai ba.

Da rana ta take, kuma ranar an yi zafi har na tuɓe rigar sanyi, sai muka hau tudun ciyawar da marasa tikitin babban fili suke zama suna kallo a wani ƙaton allo. Ga mutane kamar a filin Idi, kowa da shimfiɗarsa da abincinsa. Aka nuno Alcaraz, wanda bayan wahalar da ya sha a gabanmu a Queen's sai da ya ɗauki kofin can. Maigida ya ce in dubi ƙafafunsa. A Faris, ya ce, zamewa suke a kan garin bulo kamar mai sulu, ƙwallo tana tashi sama tana jiranka. A ciyawa kuwa sulɓewa take ƙasa-ƙasa, in ka ce za ka zame sai ka sha ƙasa, dole ka rage tsawo, ka yi 'yan ƙananan taku kamar mai tafiya a kan siminti da aka wanke. Kuma mako uku ne kacal tsakanin ƙarshen Faris da farkon Wimbledon. Na yi ta kallon yaron nan yana taka ciyawa a hankali, shi da aka haifa a ƙasar jar ƙasa, na ce a raina ashe ba ni kaɗai aka canza wa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa ba.

Daga nan sai wasan ɗan gida, Andy Murray, da Stefanos Tsitsipas na Girka. Tun daren jiya suka fara aka tsayar, don doka ta hana wasa bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare saboda maƙwabta, Murray na gaba da set biyu da ɗaya. Mutumin nan shekararsa 36, da ƙarfe a ƙugunsa tun aikin da aka yi masa a 2019, kuma ranar ce ta cika shekara goma cif da ya fara cin kofin a 2013, bayan Birtaniya ta yi shekara 77 ba namijin da ya ci mata. Turawan da na ɗauka ba su iya hayaniya ba, sai ga su suna ihu suna kama kai. Aka cinye shi set biyun ƙarshe. Tudun ya yi tsit, na ga wata mata tana share hawaye da gefen rigarta. Ba wanda ya sani a lokacin, ashe wasansa na ƙarshe ke nan shi kaɗai a Wimbledon, a 2024 ya ajiye raket. A ranar dai wani dogon baƙar fata ɗan Amurka, Christopher Eubanks, ya fitar da ɗayan ɗan gidan, Cameron Norrie. Ni dai na yi murnata a ciki, don tun Arthur Ashe a 1975 ba baƙin namiji da ya sake ɗaga kofin nan.

Da yamma muna fita muka bi ta gefen wani ƙaramin fili da aka tashi. Ya tsaya, ya waiga hagu da dama, ya durƙusa ya zura hannu ya shafi gefen ciyawar da yatsu biyu. Bakinsa na motsi. Na matsa na tsaya a bayansa na baza mayafina don in kare shi daga idon mutane.

Wasan ƙarshe a ɗakinmu muka kalla, ranar 16 ga Yuli, kuma su biyun nan ne dai na Faris. Shi yana bayan Djokovic, wanda rabon da a cinye shi a Centre Court tun 2013. Ni kuwa na ɗauki yaron. Set ɗin farko aka yi masa 6 da 1, maigida ya ce fargabar ce ta dawo. Na ce a dai juri zuwa rafi. Ya ci na biyu da ƙyar. A na uku aka yi wani gem ɗaya tak da ya ci minti 26, ina tsaye da muciya a hannu har tuwona ya kama. Djokovic ya rama na huɗu, a na biyar haushi ya sa ya rotsa raket a jikin katakon raga. Bayan awa 4 da minti 42 yaron ya zube a kan ciyawa, ni kuma na rangaɗa guɗa har mai shagon ƙasa ya bugo silin da sanda. Aka miƙa masa kofi mai ruwan zinare da 'yar abarba a ka. Maigida ya dube ni ya ce, "Amarya, wannan murnar ta yi yawa fa, ko ni ne aka yi wa kishiya yanzu?" Muka ci tuwo mai ƙauri.

Gwaggo ta kira ta ce, ta sai da tunkiyar? Na ce ta bar ta ta haihu.

Daga nan suka kwashe jakunkunansu suka haye Amurka, inda rana ke faɗuwa bayan tamu da awa biyar, wasanni suka koma tsakar dare. Ranar 20 ga Agusta suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe kusa da birnin Cincinnati, cikin zafin da har Djokovic ya yi kamar zai faɗi. Maigida ya kwana biyu yana aikin dare, tun a set na biyu barci ya ɗauke shi a kan kujera. Na rage murya na ci gaba ni kaɗai. Saura maki ɗaya yarona ya ci, ya kuɓuce masa. Awa 3 da minti 49 suka yi, tsohon ya ci ya kama rigarsa ya yage ta, yaron ya koma kujera ya rufe fuska da tawul yana kuka.

Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Malam, tashi ka koma gado, naka ya ci."

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. "Amarya, kuka kika yi?"

Na ce albasa ce.

Ya ce, "Ƙarfe ɗayan dare?"

Na rufe kwamfutar na kashe fitila.